Me ya sa 'yan sama jannati ke shawagi, kuma me ke ƙona kumbo idan zai dawo?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare, ɓangaren kimiyya. Malaminmu na fiziks ya ce jan duniya ne ke riƙe da wata, shi ya hana shi tafiya. To amma na ga bidiyon 'yan sama jannati suna shawagi a cikin tasharsu, ruwa ma yana dunƙulewa yana yawo a gabansu, aka ce wai don babu jan duniya a can. Ta yaya jan zai kai har wata amma ya tsallake su, alhali sun fi kusa da mu? Na biyu, me ya sa kumbo yake kamawa da wuta idan zai dawo, amma bai kama ba lokacin tafiya, bayan iskar ɗaya ce ya ratsa? Yayana ya ce wannan kaɗai ya isa ya nuna duk abin haɗi ne. Don Allah a warware mini."

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara miki basira. Kin yi daidai da ba ki haɗiye maganar nan ta "babu jan duniya a can" ba, domin ba gaskiya ba ce, duk da yadda ta yaɗu a bakin mutane. Malaminku ne ke da gaskiya. Shi ma yayanki kada ki ga laifinsa. An ba shi bayani biyu masu karo da juna, ya ƙi yarda, kuma haka mai hankali yake yi. Abin da ya rage shi ne a ba shi bayanin da ba ya karo da kansa.

Idan na fahimce ki, kina son sanin dalilin da mutum zai rasa jin nauyinsa a wurin da duniya ke jan sa, da kuma dalilin da iska ɗaya za ta bar kumbo ya fita lafiya amma ta tare shi da wuta a hanyar dawowa. A wurina tambaya ɗaya ce, don amsarsu ɗaya: gudu. Tashar nan ba nisa ne da ita ba, gudu ne da ita, irin wanda ba mu saba ganin kamarsa a doron ƙasa ba. Ki ɗauko biro da takarda. Ina so ki bi lissafin da hannunki, kada ki tsaya a kan abin da na faɗa kawai.

Tashar tana nan kusa

Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka harba ɓangarenta na farko a Nuwamban 1998, kuma tun Nuwamban 2000 ba ta taɓa zama babu mutane ba, tana kewaya duniya ne a tsayin kimanin kilomita 400. Kusan nisan Kano zuwa Abuja ke nan, da za a miƙar da titin ya kalli sama. Wata kuwa yana kilomita 384,400 daga nan, kusan ninki dubu na nisan tashar.

Dokar da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ta ce jan yana raguwa ne gwargwadon nisa idan an ninka shi da kansa. Idan nisa ya ninka biyu, jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ninka uku, ya koma ɗaya cikin tara. Sai dai nisan da ake nufi daga tsakiyar duniya ake auna shi, ba daga inda muke taka ƙasa ba, kuma a nan ne ɗalibaina suka fi yin tuntuɓe a jarrabawa. Daga tsakiyar duniya zuwa doronta kilomita 6,371 ne. Ki ƙara 400, tashar tana kilomita 6,771. Ki raba 6,371 da 6,771, za ki sami 0.941. Ki ninka wannan da kansa, ki sami 0.885. Ma'ana, jan da duniya ke yi wa ɗan sama jannati ya kai kusan kashi 89 cikin ɗari na wanda take yi mana ni da ke. A nan ƙasa, duk abin da aka saki gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. A tsayin tashar lambar ta sauka zuwa 8.7, shi ke nan. Da za a gina hasumiya mai tsayin kilomita 400, mai nauyin kilo 60 ya hau ƙololuwarta da sikeli, sikelin zai nuna kimanin kilo 53, kuma ƙafarsa za ta dafe da daɓe daram, ba zai yi shawagi ba.

To me ya bambanta shi da wanda ke cikin tashar, tunda tsayinsu ɗaya?

Abin da jiki yake ji

Jikin mutum ba ya jin jan duniya kai tsaye. Abin da kike ji yanzu, in a zaune kike, shi ne kujera tana tokare ki, tana hana ki faɗuwa. In a tsaye kike, ƙasa ce ke tokare tafin ƙafarki. Sikeli ma wannan tokarewar yake aunawa. Idan aka janye abin da ke tokare ki, jan duniya yana nan bai je ko'ina ba, amma jin nauyi ya ɓace, domin ke da duk abin da ke kewaye da ke kuna faɗuwa tare.

Ga yadda nake nuna wa ɗalibai a aji, kuma za ki iya yi a tsakar gida. Ki sami gorar ruwa ta roba, ki huda gefenta da ƙusa kusa da gindi, ki cika ta da ruwa, ki bar bakinta a buɗe. Muddin kina riƙe da ita ruwa zai riƙa tsartuwa ta hudar. Sai ki hau kan wani abu mai ɗan tsayi ki sake ta. Da barinta hannunki tsartuwar za ta tsaya cak, ba za ta dawo ba sai gorar ta bugi ƙasa. Abin yana da sauri, don haka nakan sa ɗalibi ɗaya ya ɗauka da waya, mu sake kallo a hankali. Za ki ga zaren ruwan ya yanke daga jikin gorar tana tsakiyar iska, hudar tana nan a buɗe, ruwa yana nan a ciki, amma ko ɗigo ba ya fita. A wannan gaɓar aji yakan yi tsit, sannan hayaniya ta kaure, kowa yana son a ba shi ya gwada. Dalilin kuwa shi ne, lokacin da kike riƙe da gorar, ruwan sama yana danne na ƙasa, na ƙasa yana danne gindin gora, dannewar ce ke tura ruwa waje. Da kika sake ta, gindin gorar yana gudu ƙasa daidai da yadda ruwan ke bin sa, babu mai danne wani.

Wannan yana yiwuwa ne saboda komai yana faɗuwa da sauri ɗaya idan iska ba ta shiga tsakani ba, mai nauyi da maras nauyi. Galileo ya faɗi haka shekaru kusan ɗari huɗu da suka wuce, kuma a 1971 ɗan sama jannati David Scott na Apollo 15 ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu lokaci ɗaya, suka dira tare. Tashar, mai nauyin fiye da tan 400, da mutumin da ke cikinta, da cokalinsa, da ruwan shansa, duk faɗuwa suke yi da sauri ɗaya. Shi ya sa ba ya taɓa daɓe. Shi kuma ruwan, tunda babu abin da ke baje shi, sai ɗan jan da ke tsakanin ƙwayoyinsa ya tattara shi ya zama dunƙule.

Faɗuwar da ba ta kaiwa ƙasa

Na san abin da ke ranki yanzu: in faɗuwa suke yi, me ya hana su iso ƙasa tun 1998? Newton da kansa ya amsa wannan da misalin igwa a kan dutse mai tsayi. A harba harsashi gefe, ba sama ba. Zai yi tafiya yana lanƙwasowa har ya faɗi. A ƙara masa gudu, ya faɗi can gaba. A yi ta ƙarawa. Da yake duniya dunƙulalliya ce, doronta ma yana lanƙwashewa yana kauce wa harsashin. Akwai gudun da in an kai shi, lanƙwasar harsashin da ta duniya za su zo daidai, ya yi ta faɗuwa ƙasa tana kauce masa, har ya zagayo ya dawo inda ya tashi.

Lissafinsa ba shi da wuya. Abin da aka saki yana faɗuwa kimanin mita 5 a sakan na farko. Doron duniya kuma yana sunkuyawa kimanin mita 5 a duk tafiyar kilomita 8. Saboda haka duk abin da zai iya cin kilomita 8 a gefe cikin sakan ɗaya, zai faɗi mita 5, ƙasa ta kauce da mita 5, tsayinsa bai sauya ba. Ga tashar kuwa, ki ninka 8.7 da nisanta daga tsakiyar duniya a mita, wato 6,771,000. Za ki sami kusan 58,900,000. Ki nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan: kimanin 7,670. Gudun tashar ke nan, mita 7,670 a sakan, wajen kilomita 27,600 a awa. Nisan nan na Kano zuwa Abuja ba ya cin ta minti ɗaya. Kewayen da take yi kilomita 42,500 ne da ɗoriya, ki raba da gudun, ki ga tana zagaye duniya cikin minti 92 da 'yan kai. Mutanen cikinta suna ganin fitowar rana da faɗuwarta kusan sau 16 a yini guda. Wannan ne ya sa lokacin da ɗan Maleshiya Sheikh Muszaphar Shukor zai tafi can a Oktoban 2007, a ƙarshen watan azumi, sai da malaman ƙasarsu suka zauna suka rubuta masa jagora a kan lokutan salla da alƙibla da azumi.

Ki kula da wani abu don jarrabawa. Za ki ji ana cewa wai akwai ƙarfin da ke tura tashar waje, ya yi kunnen doki da jan duniya, shi ya sa take tsaye a sama. Ba na son wannan bayanin, yana rikita ɗalibi. Da ƙarfi biyu ne suka soke juna, da tashar ta miƙe sak ta bar duniya, kamar yadda dokar Newton ta farko ta ce. Ƙarfi ɗaya ne tak a kanta, jan duniya, kuma aikinsa shi ne lanƙwasa hanyarta. Ba ta bukatar inji ya ci gaba da tura ta, don babu abin da ke rage mata gudu sai 'yar iskar da ta saura a can, siririya ainun. Ita ma 'yar iskar tana aiki a hankali, shi ya sa lokaci lokaci ake kunna inji a ɗaga tashar. Tashar Skylab ta Amurka da ba a samu an ɗaga ba, a 1979 ta faɗo, ɓaraguzanta suka watsu a yammacin Ostareliya.

Game da zargin yayanki, ga abu biyu da zai iya aunawa da kansa. A nan duniya hanyar da ake samun irin wannan shawagin ita ce jirgin sama ya yi sama ya saki jiki ya faɗo, kuma hakan ba ya wuce sakan 25 a jere, alhali ana hira kai tsaye da mutanen tashar na tsawon mintoci masu yawa gashin kansu yana tashi. Sannan tashar tana bi ta saman ƙasar Hausa, ana ganinta da ido ba tare da na'ura ba, bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da mu muke cikin duhu ita kuwa rana na haska ta. Haske ne fari mai ƙarfi, ba ya ƙiftawa irin na jirgi, yana ratsa sama cikin 'yan mintoci. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana fitar da lokutan wucewarta ta kowane gari tun kafin ranar. Ku duba tare ku fita ku jira ta.

Inda wutar take fitowa

Duk abin da ke motsi yana ɗauke da makamashi, kuma makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Idan direba ya taka birki, motsin motar bai tafi banza ba, ya koma zafi a birkin. Shi ya sa babbar mota da ta gangaro daga tudu kan iso da ƙaurin birki. Lissafin da aka koya muku shi ne rabin nauyin abu, a ninka da gudu, a sake ninkawa da gudu. Wannan ninkawa sau biyu ita ce ke da haɗari. Motar da ke kilomita 100 a awa, kowane kilo na jikinta yana ɗauke da jul 386 (jul shi ne ma'aunin makamashi). Tashar ta fi ta gudu sau 276, amma makamashin ba sau 276 ya fi ba, sau 276 ne a ninka da 276, kusan ninki 76,000. Kowane kilo ɗaya na kumbon da ke kewaya duniya yana ɗauke da jul miliyan 29 da ɗoriya. Wannan ya kusa abin da litar fetur guda ke bayarwa idan ta ƙone ƙurmus. Ya isa ya tafasa ruwa lita 11 har ya ƙafe, ya kuma ninka abin da ake bukata a narkar da kilo ɗaya na ƙarfe sau ashirin. Kumbon da zai sauka lafiya dole ya rabu da wannan makamashi gaba ɗaya, kuma birkin da yake da shi shi ne iska.

Mutane da yawa suna zaton tsayin da ya faɗo ne ke kawo wutar. Ki gwada lissafin ɗaga kilo ɗaya zuwa kilomita 400, za ki sami jul miliyan 3.7 kacal, kashi ɗaya cikin takwas na abin da gudun ke ɗauke da shi. A Oktoban 2012 Felix Baumgartner, ɗan ƙasar Ostiriya, ya hau balan-balan zuwa tsayin kimanin kilomita 39, ya diro da rigarsa da laimar sauka. Gudunsa ya kai wajen kilomita 1,350 a awa, ya zarce gudun sauti, amma bai ƙone ba. Daga tsaye ya faro, ba shi da gudun gefe. Gudun kumbo ya ninka nasa sau 20, makamashin kowane kilo kuwa sau 400.

Yanzu ki dubi tafiya da dawowa, za ki ga iskar ɗaya ce amma gudun ba ɗaya ba ne. Rabin iskar duniya tana ƙasa da tsayin kilomita biyar da rabi, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari tana ƙasa da kilomita 30 da 'yan kai. Roka tana tashi ne daga tsaye, a hankali, kuma da gangan ake miƙar da ita sama tukuna don ta fice daga iska mai kauri. Bayan kimanin minti ɗaya, tana wajen kilomita 12 a sama, gudunta bai kai kilomita 2,000 a awa ba. Sai ta fita inda iska ta yi siriri sannan take kwantawa gefe ta tara gudun gaske, har ta cika shi cikin minti tara ko ƙasa da haka. Tana ɗan yin zafi a hanya, shi ya sa ake rufe kayan da ta ɗauka da murfi, amma ba ta taɓa haɗa gudu mai yawa da iska mai kauri a lokaci ɗaya ba. Mai dawowa kuwa da cikakken gudunsa yake shigowa, kuma neman iskar yake yi da gangan don ta tsayar da shi.

Za ki ce, me ya hana ya kunna inji ya rage gudun tun yana sama, ya sauko a hankali? Mai ne ya hana. Kusan kashi tara cikin goma na nauyin roka a ranar tashi mai ne, kuma duk ya ƙare wajen samar da gudun nan. Kafin inji ya kashe gudun sai an kai wata roka mai cike da mai can sama ta jira, ita kuma ɗaga ta sai rokar da ta ninka ta sau da yawa. Saboda haka kumbon Soyuz na Rasha, misali, yakan kunna inji na 'yan mintoci ne kawai, ya rage kimanin mita 120 a sakan daga cikin 7,670. Wannan ɗan ragin ya isa ya sa hanyarsa ta sunkuyo ta taɓa iska. Sauran aikin duk na iska ne, har ya rage gudu ya buɗe laima a tsayin kimanin kilomita 10, ya sauka a filayen Kazakistan.

Akwai gyara ɗaya da nake so ki riƙe. An saba cewa gogayya da iska ce ke kawo zafin. Tana da nata rabon, amma babban dalilin matsewa ce. Ki ɗauki famfon keke ki toshe bakinsa da yatsa ki yi ta bugawa, sannan ki taɓa gindinsa, za ki ji ya yi ɗumi. Iska in an matse ta da sauri zafi take yi. Injin dizal ba shi da fulogi saboda wannan: fistin yana matse iska har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Kumbon yana shigowa da gudun da ya ninka na sauti fiye da sau 20, iskar da ke gabansa ba ta da lokacin kaucewa, sai ta taru ta matsu, zafinta ya kai dubban digiri, har ƙwayoyinta su farfashe ta koma haske. Hasken nan ne kika gani a bidiyo kamar wuta. Yakan kewaye kumbon har ya yanke maganar rediyo na wasu mintoci.

Fahimtar wannan ita ta ceci rayuka. A farkon shekarun 1950 injiniyoyi suna ta ƙera abubuwa masu tsinin baki, da tunanin su ne za su ratsa iska cikin sauƙi, sai bakin ya narke. Julian Allen, wani injiniya a cibiyar bincike ta Ames a Amurka, ya nuna cewa akasin haka ya kamata a yi. In gaban abin faffaɗa ne, dakusasshe, iskar da ta matsu takan tsaya ɗan nesa da jikinsa, ta kwashi kaso mafi tsoka na zafin ta zube da shi ta gefe. Dalilin ke nan da kika ga kumbon da ke ɗauke da mutane yana da faffaɗan gindi, kuma da gindin yake shigowa. A gindin ake manna garkuwar da aka yi ta don ta riƙa ƙonewa a hankali tana zubewa, kowane ɓarɓashi ya tafi da nasa zafin. Kumbunan Apollo da suka dawo daga wata da gudun kilomita 11 a sakan, garkuwarsu ta kai zafin digiri 2,700 da ɗoriya a ma'aunin Salshiyos, mutanen ciki kuma suka fito lafiya.

Ba kullum abin yake ƙarewa haka ba, kuma ina so yayanki ya san cewa mutane sun biya wannan ilimi da ransu. A Janairun 2003, jim kaɗan bayan tashin kumbon Columbia na Amurka, mai fukafukai irin na jirgin sama, wani guntun soso da ke lulluɓe da tankin mai ya ɓalle ya bugi gaban fiffikensa na hagu, ya yi masa rauni. Kwana 16 suka yi a sama babu abin da ya faru, don a can babu iskar da za ta shiga raunin. Ranar 1 ga Fabrairu, da suka juyo gida, iska mai zafi ta kutsa ta wurin. Gaban fiffiken an yi shi ne ya jure zafin digiri 1,600, amma ƙashin cikinsa alminiyam ne, wanda ke narkewa a digiri 660. Kumbon ya tarwatse a saman jihar Texas, mutum bakwai suka rasu.

Ni malamin aji ne, kuma lissafin da muka yi a nan na sakandare ne. Yana da iyaka. Mun ɗauki hanyar tashar a matsayin cikakkiyar da'ira, mun ɗauki duniya a matsayin dunƙule maras tangarɗa, alhali ta ɗan fi faɗi a tsakiya. Lissafinmu ya gaya mana yawan makamashin da za a zubar, amma raba shi tsakanin iska da jikin kumbo, da zaɓen kusurwar shigowa yadda ba zai nutso da sauri zafi ya yi yawa ba, kuma ba zai shigo a kwance ya zarce wurin sauka ba, wannan aikin injiniyoyi ne da manyan kwamfutoci da gwaje-gwaje. In Allah ya kai ki jami'a a wannan fanni, a can za ki tarar da shi, kuma ina yi miki fatan haka.

Kafin nan ga aikin gida, a kan watan da kika fara tambaya da shi. Nisansa daga tsakiyar duniya ya ninka namu sau 60. Ki ninka 60 da 60, ki sami 3,600, ki raba 9.8 da shi. Za ki sami 0.0027. Jan ya yi rauni ƙwarai amma bai ƙare ba, kuma shi ma wata faɗuwa yake yi, 'yar ƙarama, bai kai milimita ɗaya da rabi a sakan na farko ba. Ki ninka 0.0027 da 384,400,000, ki nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da amsar, za ki ga gudunsa kimanin kilomita ɗaya ne a sakan. Ki lissafa tsawon kewayensa, ki raba da gudun, ki mayar da sakan zuwa kwanaki. Ya kamata ki sami kwana 27 da 'yan awoyi. Irin wannan gwajin Newton ya yi ya tabbatar cewa abin da ke jawo dutse ƙasa shi ne ke riƙe da wata. In kin lura amsar ba ta kai kwana 29 ko 30 da muke ƙirgawa daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani ba, lissafinki daidai ne. Cikin kwanakin nan 27 ita ma duniya ta matsa gaba a hanyarta ta kewaya rana, don haka sai wata ya ƙara tafiyar kwana biyu da ɗan abu kafin ya sake daidaita da rana, ya cika kwana 29 da rabi.